Sikanin 3D, 4D da 5D: Abin da Na'ura ke Gani da Abin da Manhaja ke Ƙarawa

Duk mai yawo a TikTok ko mai leƙa sitatus na WhatsApp ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyon: fuskar jariri mai ruwan zuma, yana hamma ko yana tsotsar yatsa, alhali ba a haife shi ba tukuna. A ƙasa an rubuta 4D, wani lokaci 5D. Idan aka ajiye shi kusa da tsohon hoton sikanin nan mai baƙi da fari, wanda sai an nuna wa mutum inda kai yake kafin ya gane, dole a ɗauka an bar wancan a baya, kamar yadda aka bar waya mai madannai.

Ba haka abin yake ba. Wancan hoton mai toka-toka shi ne har yau likita ke dogara da shi a yawancin abin da yake son sani, kuma daga gare shi ake gina mai ruwan zuman. Wanda ya fahimci yadda ake ginin zai san inda ya dace kuɗinsa ya tafi ranar da aka ce matarsa, yayarsa ko ƙanwarsa ta je ta yi sikanin.

Babu kyamara a ciki

Na'urar sikanin ba ta ɗaukar hoto kamar waya, kuma ba eksire ba ce. Da sauti take aiki. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke girgiza har kusan sau 20,000 a daƙiƙa. Wanda ake turawa ta fatar mai juna biyu yana girgiza tsakanin sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa, shi ya sa babu mai jinsa.

Abin da ma'aikaci ke riƙewa yana gogawa a ciki, wanda ake kira firob, yana da jerin 'yan ƙananan ƙwayoyi na wani irin tangaran, sau da yawa 128 ko fiye. Idan aka ba su lantarki sai su girgiza su fitar da sauti, idan kuma sauti ya buge su sai su fitar da lantarki. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano wannan ɗabi'a a 1880. Ita ce dai ke cikin laitar da ake dannawa ta yi ƙas ta ba da tartsatsi.

Firob yana sakin sauti na ɗan ƙiftawa, sai ya yi shiru yana sauraro. Duk inda sautin ya tsallaka daga wani irin nama zuwa wani, kaɗan daga cikinsa yana dawowa, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya. Na'urar tana lissafi da cewa sauti na gudun mita 1,540 a daƙiƙa a cikin naman jiki, don haka daga lokacin da amsar ta ɗauka take sanin zurfin abin da ya dawo da ita. Ƙashi yana dawo da sauti sosai, sai ya fito fari. Ruwa yana barinsa ya wuce, sai ya fito baƙi. Iska kuwa katanga ce gare shi, dalilin da ya sa ake shafa wannan jel mai sanyi ke nan, don kada iska ta shiga tsakanin firob da fata. Jemage da wannan dabarar yake yawo cikin duhu.

Abin da ke fitowa a allo yanki ne guda, kamar an yanka burodi an ɗaga yanka ɗaya ana kallon fuskarsa. Shi ne 2D. Likitan mata Ian Donald na birnin Glasgow a Sikotland, tare da John MacVicar da injiniya Tom Brown, su ne suka wallafa aikin da ya buɗe wannan hanya a mujallar The Lancet a 1958. Brown ya fito ne daga kamfanin da ke ƙera na'urorin gano tsaga a cikin ƙarfe.

Daga yanka zuwa burodi

Idan 2D yanka ɗaya ne, 3D shi ne a tara yankuna da yawa a jere a mayar da burodin. A cikin firob na 3D da aka fi samu akwai ɗan mota mai lilo da jerin ƙwayoyin nan daga gefe zuwa gefe, yana ɗaukar yanka bayan yanka. Masu tsada ba su da motar, suna da ƙwayoyi dubbai da aka shimfiɗa kamar tabarma, ana karkata sautin da lantarki. Ko ta wace hanya, kwamfutar na'urar tana samun dunƙulen bayanai mai tsawo da faɗi da zurfi. A hoton waya ƙaramin ɗigo sunansa fiksel, a nan kuwa ɗan ƙaramin akwati ne da ake kira boksel.

Wannan dunƙulen ba fuska ba ce. Lambobi ne kawai, kowane yana faɗin ƙarfin amsar da ta dawo daga wurinsa. Manhaja ce ke bi ta nemo iyakar da baƙin ruwan mahaifa ya ƙare fata ta fara, ta share abin da ke gaba, ta zana saman da ya rage, ta sa masa inuwa. Irin aikin da waya ke yi ne idan tana zana fuskar ɗan wasa a PUBG ko Free Fire, bambancin kawai a nan siffar daga awo ta fito, ba mai zane ne ya ƙirƙire ta ba.

Launin fa? Sauti bai san launi ba. Ruwan zuman nan zaɓi ne a cikin saitin na'ura, ana iya mayar da shi toka ko shuɗi da danna maɓalli ɗaya. Duk gardamar da dangi ke yi a gurup cewa yaron zai yi hasken mahaifiyarsa, a kan saitin wani injiniya ake yin ta.

Kazunori Baba a Japan ya fara gwada 3D a kan 'yan tayi a shekarun 1980, kuma kamfanin Kretztechnik na Ostiriya ya fitar da na'urar kasuwa a 1989. Shi ne ya ƙirƙiro jerin Voluson, wanda ya koma hannun GE a 2001.

4D kuwa 3D ne mai motsi: na huɗun shi ne lokaci. Na'ura tana gina dunƙule, ta zana, ta sake gina wani, a jere. A nan ne ake cin karo da iyakar da babu ƙarfin kwamfutar da zai kawar da ita, wato gudun sauti. A ɗauki zurfin santimita 10. Zuwa da dawowa santimita 20 ne, wanda ke cin kusan kashi 130 cikin miliyan na daƙiƙa. Ke nan na'ura za ta iya yin kira ta jira amsa kusan sau 7,700 a daƙiƙa. Idan yanka ɗaya yana buƙatar layi 128, za a sami hoto 60 a daƙiƙa, sumul kamar bidiyo mai kyau. To a ce dunƙule ɗaya yanka 100 ne: layi 12,800 ke nan, ya haura daƙiƙa ɗaya da rabi kafin a gama guda. Domin a sami motsi, dole a rage wani abu: a taƙaita faɗin wurin, a rage yawan layuka, ko a yi dabarar sauraron layuka da dama daga kira ɗaya. Shi ya sa bidiyon 4D ke ɗan tsalle-tsalle kamar kiran bidiyo a wurin da sabis ya yi ƙasa, shi ya sa kuma kowane hoto a cikinsa bai kai 2D kaifi ba.

HD da 5D

Babu wani sashe na biyar da aka gano. 5D suna ne na talla. Samsung, wanda ya sayi kamfanin Medison na Koriya ta Kudu, ya yi amfani da sunan ga wasu ayyukan manhajarsa masu taimakawa wajen nemo yanka da yin awo da kansu. Shagunan hoton ciki kuma suka ɗauki sunan suna liƙa shi a kan duk hoton da ya fi kama da na gaske. HDlive na GE shi ne fitaccen misali: manhaja tana ƙirƙiro fitilar ƙarya da ma'aikaci zai iya matsar da ita gaba ko baya ko gefe, tana lissafa yadda haske zai ratsa fata ya yi inuwa. Sautin da aka tura iri ɗaya ne, zanen ne ya ƙara kyau.

Yanzu ma an sami masu ɗaukar hoton 3D su ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta mayar da shi kamar hoton jaririn da aka haifa, da gashi da gira, suna kiransa 8K. Abin da sautin bai gani ba, manhajar ce ke cika shi da hasashe. A matsayin abin ajiye tarihi babu laifi, amma ba takardar asibiti ba ce.

Kyawun hoton 3D kuma ba a hannun na'ura kaɗai yake ba. Yana son ruwa a gaban fuska, yana son jariri ya fuskanto waje. Idan ya juya baya, ko ya sa hannu a fuska, ko ya manna ta da mabiyiya, komai tsadar na'ura abin da zai fito kamar narkakken kyandir ne. Wani lokaci inuwar hannu kan sa a ga kamar rami a kai, hankalin iyaye ya tashi a banza. An fi samun fuska mai kyau wajen mako 26 zuwa 30, lokacin da kumatu suka cika, wuri kuma bai ƙure ba.

Kada a ɗauka 3D ado ne zalla. Yana da wuraren da yake taimakawa ƙwarai: tsagewar leɓe, matsalar ƙashin baya, siffar hannu da ƙafa, da siffar mahaifa ita kanta. Yana sauƙaƙa wa iyaye da likitan tiyata su ga abin da ake magana a kai. Yana kuma ba da damar ajiye dunƙulen a sake yanka shi ta kowace kusurwa bayan mai ciki ta koma gida, ko a tura wa ƙwararre a wani gari. Akwai wata fasaha mai suna STIC da ke tara dunƙulen zuciyar ɗan tayi ta jera shi bisa bugawa, a riƙa kallon bugu ɗaya ta kowane ɓangare. Sai dai a duk waɗannan, yawanci 2D ne ke fara ganin matsalar, 3D ya zo ya ƙara bayani.

Dofla, wanda ba ya zuwa TikTok

Mafi muhimmancin ci gaba a sikanin ciki ba shi da kyan gani. Ja ne da shuɗi da wani zane mai hawa da sauka a ƙasan allo.

Idan motar ɗaukar marasa lafiya tana tahowa, jiniyarta siririya ce, tana wucewa sai muryar ta yi kauri. Christian Doppler ɗan Ostiriya ya bayyana dalilin haka a 1842. Ƙwayoyin jini ma haka suke yi wa sautin firob: masu tahowa suna dawo da shi da girgiza mai ɗan sauri, masu tafiya suna dawo da shi da mai ɗan jinkiri. Daga bambancin ake lissafa gudun jini da inda ya nufa. A saitin da aka saba, ja yana nufin jinin da ke nufo firob, shuɗi mai nisantarsa. Ba jini mai kyau da maras kyau ba ne, kamar yadda wasu ke zato.

Amfaninsa ya fi fitowa a jijiyar igiyar cibiya. Lafiyayyar mabiyiya kamar buɗaɗɗen bututu take: ko a tsakanin bugun zuciya biyu, jini yana ci gaba da gudana zuwa gare ta. Idan ta fara lalacewa, kamar yadda kan faru ga masu hawan jini, gudun da ke tsakanin bugu yana raguwa. Idan abin ya yi nisa sai ya tsaya, idan ya ƙara ta'azzara sai ya riƙa komawa baya. Wannan alama ce cewa jariri yana cikin haɗari a ciki, kuma da ita likita ke yanke shawarar ko a ƙara jira ko a ciro shi ko da bakwaini ne. Jaririn da ke cikin wannan hali yana iya fitowa a 4D da fuska kyakkyawa, har da murmushi.

Ana kuma auna gudun jini a wata jijiyar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Jinin da ya yi ƙaranci ya tsinke yana gudu da sauri fiye da ƙima, don haka ana gane ƙarancin jini, misali idan jinin uwa negetif ne na ɗa fozitif, jikinta kuma ya fara yaƙar nasa. Kafin aikin Giancarlo Mari da abokansa da aka wallafa a 2000, allura ake yawan sokawa cikin mahaifa a ɗebo ruwa don a san haka. Dofla na jijiyoyin mahaifa kuma yana cikin abin da ake dubawa wajen hasashen wadda ke iya samun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

A ƙasar da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nuna tana da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya, wato Najeriya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zubar jini da hawan jini suna kan gaba a sanadin, kuma 2D ne ke nuna mabiyiyar da ta sauko ta toshe bakin mahaifa, da tagwaye, da jaririn da ya kwanta a gicciye.

Akwai kuma sikanin da ake yi ta gaba da siririn firob, wanda mata da yawa ke jin nauyinsa. Dalilinsa na fasaha ne: sauti mai saurin girgiza ya fi kaifin hoto amma ba ya nisa, don haka idan aka matso kusa da mahaifa sai a iya amfani da shi. Shi ne mafi dacewa wajen gano cikin wajen mahaifa a makonnin farko, abin da kan fashe ya kashe mace cikin sa'o'i, da auna tsawon bakin mahaifa ga mai tsoron haihuwar bakwaini. Mai ciki tana da damar neman mace ta yi mata.

Lokaci ya fi sunan na'ura

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako 24. Dalili shi ne lissafin watanni. A wata ukun farko 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, auna tsawo daga kai zuwa gindi yana ba da shekarun ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. Wadda ta jira sai wata na takwas, kuskuren yana iya kai mako uku, ko da na'urar da ta fi kowace tsada aka yi. Tsakanin mako 11 da ƙarshen na 13 ake auna ruwan bayan wuyan ɗan tayi. Wajen mako 18 zuwa 22 ake babban dubawa, gaɓa bayan gaɓa: kai, ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda, ƙashin baya, hannu da ƙafa. Wannan aiki ne mai ɗaukar lokaci. Idan an gama cikin minti uku an miƙo takarda, ba shi aka yi ba.

Haruffan da ke kan takardar ma ba sirri ba ne. BPD faɗin kai ne, HC kewayensa, AC kewayen ciki, FL tsawon ƙashin cinya. Daga su na'ura ke ƙiyasta nauyi, EFW, wanda kan kauce da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. EDD ranar da ake sa ran haihuwa ce, ba alƙawari ba.

Tambayar da aka fi yi a ɗakin sikanin, mace ce ko namiji, 2D yana amsa ta daga wajen mako 18 zuwa 20 idan jariri ya ba da dama, kuma ana kuskure. A Indiya doka ta hana faɗa tun 1994, saboda zubar da cikin 'ya'ya mata.

Shin yana da illa?

Babu irin hasken eksire a cikinsa, kuma cikin shekaru sama da 60 ana amfani da shi ba a tabbatar da wata illa ga jarirai ba idan an yi shi bisa ƙa'ida. Amma sauti ƙarfi ne, yana iya ɗan ɗumama nama, musamman kusa da ƙashi. A gefen allon na'urorin zamani akwai lambobi biyu, TI mai nuna yiwuwar ɗumama da MI mai nuna matsin sautin. Dofla ya fi 2D tura ƙarfi wuri ɗaya, shi ya sa ƙungiyar ISUOG ta ƙwararrun fannin ta ce kada a yi shi haka kawai a wata ukun farko, idan kuma ya zama dole a bar TI a 1.0 ko ƙasa, a taƙaita zuwa minti 5 zuwa 10. Hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi mutane kan yin sikanin don nishaɗi kawai. Matsalar 4D ba wai ya fi ƙarfi ba ne, tsawon lokacin da ake ɓatawa ana jiran jariri ya juyo ne.

Waya fa?

Manhajojin da ke cewa a ɗora waya a ciki su nuna jariri wasa ne. Lasifikar waya tana tsayawa ne wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, abin da ake buƙata miliyoyi ne.

Ƙaramar na'urar jin bugun zuciya da ake sayarwa a intanet kuwa ta gaske ce, Dofla ce, haɗarinta yana wurin fassara. Zuciyar ɗan tayi tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, amma wadda ba a koya mata ba tana iya jin bugun jijiyarta ko shuuu ɗin mabiyiya, ta ɗauka lafiya lau, ta fasa zuwa asibiti ranar da motsin jariri ya ragu. Ko bugun na gaske ta ji, jinsa bai nuna cewa jariri ba ya cikin wahala ba.

Inda waya ta shigo da gaske shi ne a matsayin allo da kwamfuta. Philips ya fitar da Lumify a 2015, firob da ake jonawa da wayar Android. A 2017 FDA ta amince da Butterfly iQ, wanda ya ajiye tangaran ya koma ga cif ɗin silikon mai ɗauke da 'yan ƙananan ganguna kusan 9,000, aka sa masa farashi ƙasa kaɗan da dala 2,000. A 2022 Gidauniyar Gates ta ba kamfanin tallafin dala miliyan 5 don raba guda 1,000 ga ma'aikatan lafiya a Afirka kudu da Sahara, 500 daga ciki a Kenya. A shekarar ce kuma masu bincike na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsu a Zambiya suka nuna cewa za a iya goga firob a ciki ta layukan da aka tsara, ba tare da an nemo kai ko cinya ba, manhaja ta ƙiyasta shekarun ciki da daidaiton da ya yi kafaɗa da na ƙwararrun ma'aikata. Hoton da waɗannan na'urori ke ba ungozoma a asibitin ƙauye shi ne dai mai toka-tokan nan, 2D, a kan allon waya mai inci shida.